Tafiyarmu da Yaya Zuwa Greensboro

Ana idar da sallar asuba muka bar Maryland, ni a kan sitiyari, Yayana a gefena, sandarsa a kujerar baya kusa da fulas ɗin shayin da matarsa ta haɗa mana. Masu bibiyata kun san aikina. Ina sashen kula da ma'aikata a wani asibiti, kuma abin da aka ɗora mini shi ne ganin ba a rufe wa kowa ƙofar aiki ba saboda lalura ko launi ko asali. Taron masu irin wannan aiki aka gayyace ni a Greensboro. Abin da ba ku sani ba shi ne dalilin ɗauko Yaya.

Yaya mai harhaɗa magunguna ne, ya daɗe yana aiki a wani kantin magani. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Allah ya tashi kafaɗarsa, yana takawa da sanda, amma hannun hagu ya yi rauni, magana kuma sai a hankali take fita. Tun daga nan ya shige ɗaki. Mutanen wurin aikinsa sun yi ta kira, ya ƙi ɗagawa. Kwanan baya ya fara cewa Zariya zai koma ya zauna a gidan Baba, matarsa da yara su tsaya a nan har a gama makaranta. Sai na ce masa ina tsoron doguwar tafiya ni kaɗai, ya taimaka ya raka ni. Ya san ba tsoron komai nake ba, amma ya shirya.

Mun ratsa Washington kafin cunkoso ya farka. Daga Richmond hanya ta miƙe, bishiyoyi dama da hagu, kore shar, har ido ya gaji. Mai ya fi sauƙi a Virginia, don haka na cika tanki kamar zan kai tsaraba. A nan muka sayi abin da mutanen kudancin Amurka ke kira biskit, wanda ba biskit ba ne, wani burodi ne mai maiƙo da ke rududdugewa a cinya. Shayinsu kuwa da ƙanƙara ake sha, sukarin cikinsa ya ishi taron suna. Da muka shiga North Carolina sai ga allunan gidajen gasa nama, kowanne da hoton alade yana murmushi. Yaya ya dubi ɗaya ya ce, "Auta... ko yunwa... za ta kashe mu... wuce." Rabon da in ji ya yi zolaya har na manta.

Masaukinmu a Pleasant Garden yake, kudu da birnin Greensboro, wurin wata Hajiya 'yar Damagaram da suka yi aikin hajji tare da marigayiya mahaifiyarmu. Gari ne shiru, gidaje a warwatse cikin manyan filaye, ba ka ganin mai tafiya a ƙasa sai mai yankan ciyawa. Da muka tsaya, idona ya sauka a kan matakalar shiga gidan, na fara tunanin yadda za a hau, domin Yaya ya tsani a riƙe shi a gaban mutane. Sai na lura da wani sabon katako da aka kafa a gefen dama don dafawa, ko fenti ba a yi masa ba. A nan na gane abin da ya sa Hajiya ta tambaye ni a waya wane hannun ne mai lafiyar. Mijinta, Alhaji, ya fito yana gyara hula ya ce da ɗan surkin Faransancinsa, "Bon, Malam, kar ka ce don kai na yi. Gwiwar Hajiyarka ce ke ba mu wahala." Hajiya ta harare shi, ta sauko matakalar da sauri kamar budurwa. Yaya ya dafa katakon ya hau da kansa.

Dambu da zogale aka kawo mana, da kilishin da ya tsallako teku, da fura da aka dama da yogot. Jikokin gidan ana yi musu Hausa suna mayarwa da Turanci, Hajiya na cewa ita dai ta gode Allah tunda suna jin "zo ka ci".

Washegari muka bi ta gabashin birnin, unguwar baƙaƙen fata tun tale-tale, ga jami'a, ga coci-coci, ga ƙananan shaguna, sannan muka shiga tsakiyar gari. A titin Elm na nuna wa Yaya kantin da ɗalibai baƙaƙe suka taɓa zama a kan kujerun cin abinci, a zamanin wariyar launin fata, aka ƙi sayar musu, su kuma suka ƙi tashi. Ya daɗe yana kallon ginin ta gilashin mota.

Taron bai yi kama da tarukan da na saba ba. A gaba akwai mata masu fassara da hannu don kurame. Wani makaho da ke aikin kwamfuta a wani kamfanin sufuri ya nuna mana yadda na'urarsa ke karanta masa rubutu, da saurin da ni mai ido ban kama ko kalma ɗaya ba. Mai jagorantar zaman rana wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Lumbee, cikin mutanen da suka riga Turawa zama a wannan ƙasa. Ta ce ta yi shekaru a ofis ana tambayarta daga wace ƙasa ta zo, alhali kakanninta a ƙasar nan suke kwance. Ta ce kakarta ta hana ta faɗin ko ita wace ce a wurin neman aiki, don kar a mayar da ita. Yanzu aikinta shi ne shiga kamfanoni tana nema wa matasansu gurbi, tana kuma koya wa shugabanni sauraro.

Ta sa muka jera kujeru muka yi da'ira, ta ce kowa ya faɗi abin da ya kawo shi. Na so in ce Yaya ɗan rakiya ne a tsallake shi, amma kafin in buɗe baki layi ya iso kansa. Ya fara, kalma ta maƙale.  Dattijuwar ba ta kawar da kai ba, ba ta ƙarasa masa ba, ta dai ɗora hannuwanta a cinya tana kallonsa kamar ba ta da wani aiki a duniya. Sauran ma suka yi haka. A hankali Yaya ya faɗi sana'arsa, ya faɗi ciwonsa, sannan ya faɗi abin da bai taɓa gaya wa kowa a gida ba. Ya ce ba hannun ne ke damunsa ba. Tsoronsa shi ne ya tsaya a gaban mai karɓar magani, mutum ya ji maganarsa ya ɗauka kansa ne ya taɓu, ya ƙi yarda da maganin.

Wata mata a keken guragu, ma'aikaciyar jinya, ta tambaye shi ko ya manta magungunan. Ya ce ko ɗaya. Ta ce to ai aikin yana nan, kuma doka ta ba shi damar neman a gyara masa yanayinsa: kujera mai tsayi, gajerun sa'o'i, wani a taga shi kuma yana duba takardun likita a ciki. Duk wannan na sani, aikina ne, na kuma sha faɗa masa. Amma daga bakin wadda ita ma ta bi hanyar, sai ya zauna masa daban.

Lokacin cin abinci dattijuwar ta kawo masa abincinsu, soyayyiyar gurasar masara da dafaffen ganye a tsakiya, ta tabbatar masa ba a sa kitsen alade a nasa ba. Ya ci ya ce wainar da ta auri zogale ce. Na fassara mata, ta yi dariya har da share ido.

Mun kamo hanyar gida washegari da hantsi, but ɗin mota cike da ƙullin Hajiya. Muka yi ta tafiya har muka shiga Virginia. Can Yaya ya ce, "Auta... kujerar nan... wa ake tambaya?" Na ce manajansa. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da kallon bishiyoyi. Mun iso gida da la'asar sakaliya, lafiya lau.

Abin da na tsinta a tafiyar nan kaɗan ne amma ya ishe ni. Mu masu wannan aiki muna yawan maganar dokoki da tsare-tsare, kuma suna da amfani. Sai dai wani lokaci abin da mutum yake jira bai wuce katako a gefen matakala ba, da wanda zai yi haƙuri ya saurare shi har ya kai aya.

Makon jiya Yaya ya koma aiki, rabin wuni. Da yamma ya kira ni yana ta mita, wai cunkoson hanya ya ƙaru, wai an canza masa wurin ajiye kofi, wai wani sabon ma'aikaci yana ɗumama kifi a ofis duk wuri ya ɗauki ƙarni. Na zauna a bakin gado da waya a kunne, hawaye na zuba. Wallahi ban taɓa jin mita mai daɗi irin wannan ba.