Ranar da Cutar Ta Bar wa Baba Modu

Cikin duk shekarun da na yi a aikin nan, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da aka kawo mana Baba Modu daga unguwar Gwange. Lokacin ina ƙaramar mai bincike, shekarata ta biyu, Maiduguri kuwa cike take da 'yan gudun hijira.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: muna naɗar muryar tsoho yana ambaton sunayen dabbobi, yana maimaita kalmomi biyar. Kwamfutar da muka horar da muryoyin tsofaffi sai ta auna inda ya yi jinkiri da inda kalma ta kuɓuce masa, ta nuna ko cutar mantuwa ta fara cin ƙwaƙwalwa. Likita ne ke tabbatarwa.

'Yarsa Falmata ce ta kawo shi. Ita kaɗai ta rage masa. A gabansa aka kashe 'ya'yansa maza biyu a ƙauye. Kwamfuta ta nuna cutar, likita ya tabbatar, aka ce ni zan yi musu bayani. Na yi ta kwana-kwana. Da ya gane, wallahi sai ya yi murmushi, ya dube ni ya ce:

"'Yata, wato zan manta?"

"Eh, Baba, a hankali."

"Har da ranar nan?"

Na san cutar ba ta bin son mutum. Abin yau da kullum take fara kwashewa, abin da ya girgiza zuciya kuwa yakan daɗe. Na ce, "Allah ne masani." Ya yi hamdala.

Bayan shekara suka dawo, yadda ƙa'idar binciken ta tanada. Ya nuna Falmata ya tambaye ni ko ma'aikaciyarmu ce. Muna cikin naɗi sai tayar wani keke mai ƙafa uku ta fashe a titi. Tsohon nan ya zabura ya damƙe hannuna yana ihu, yana kiran 'ya'yansa da aka kashe, "Bukar! Ali! Ku gudu!"

Shugabanmu ya duba sakamakon ya ce, "Madalla, hasashen kwamfuta ya yi daidai." Gaskiya ya faɗa. Na shiga bayi na yi kuka har na gode Allah.

Ku ƙananan masu bincike, abin da na koya ke nan: mun ƙware wajen gano cutar da wuri, amma magani babu, kuma abin da mai ita ke roƙo ba ya hannunmu. Cutar ta ɗauke wa Baba Modu 'yar da ke raye, ta bar masa ranar.