Bindigar da Baffa Ya Yi wa Ɗura

Abu uku ne a kan hanyar Nguru a wannan daren: motar da Baba ya ɗauko shata, buhunan gero da gishirin da ya saro bayan ya sayar da kifinsa, sai shi kansa Baban. Biyun farko in sun tafi a sake nema. Na ukun ne ya hana kowa a gidanmu taɓa tuwo.

Muna Gashuwa lokacin, bayan kasuwa, ina 'yar firamare. Zamanin kwanta-kwanta ne, 'yan fashin da ke tare hanya su ce kowa ya kwanta. Da magariba wani yaron mota ya shigo gari yana haki, wai an tare hanya bayan Jajimaji, kuma wai suna tambayar fatake ina gidajensu, za su biyo baya su ƙarasa. Ba wanda ya tsaya tantance gaskiyarsa. Kowa ya sa sakata.

A gidanmu bakin wutar banda ne wurin tatsuniya. Iya, mahaifiyar Baba, takan zauna a kan turmi tana juya tarwaɗa da hannu ɗaya, ɗayan kuma tana nuna mana girman kura da shi. Hayaƙi ya sa mu hawaye, amma ba mai matsawa. Ina ganin ranar ba za a yi ba. Sai ta fito mana da tabarma kamar kullum, ta ce, “Ku zauna. Tsayuwarku ba za ta kawo mai kifi ba.” Haka take kiran Baba. Ɗan farinta ne, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Baffa Sale, ƙanin Baba, shi kaɗai ne namiji babba a gidan. Ya shiga ɗaki ya fito da wata ƙaramar bindiga irin ta sakawa a aljihu, wadda ya karɓo a hannun wani mai shanu wajen Machina. Tana da hali guda: harsashi ya taso, ya tokare a hanya. Ya zauna a hasken wuta yana zare gidan harsashin yana mayarwa, yana hura shi, yana goge shi da bakin riga. Ya cika shi taf, sannan ya ɗauko wani harsashin yana danna shi da babban yatsa, yana cije leɓe.

“Sale, ɗura kake yi mata?” in ji Iya.

“Iya, wannan ba ta toka ba ce. Ba ki san kanta ba.”

“Ban san bindiga ba, amma na san ɗura. Kai ma na toshe maka hanci na ɗura maka kunu. Ka ƙware, ka dawo mini da shi a zanina.”

Muka yi dariya 'yar kaɗan, ta mutu nan take. Baffa bai ɗaga kai ba. Ya tura harsashin da ƙyar, ya mayar da gidan ya buga shi da tafin hannu.

Iya ta gyara zama ta ce, “To ga ta nan, ta daren da ba a barci, ku riƙe ta da kyau.”

Wai an yi wani maharbi a bakin fadama, wata tsohuwar ruwa ta ba shi bindigar toka mai magana. Sharaɗinta ɗaya ne: cikin ƙaho guda na albarushi take ci, in ta ce ta ƙoshi a bar ta. Shekara da shekaru ba ta taɓa ba shi kunya ba. Sai dorina ta addabi gonakin shinkafa, aka ce shi za a aika. Ya ga sawunta a laka kamar faifai, cikinsa ya ɗuri ruwa. Ya zuba ƙaho ɗaya, bindiga ta ce, “Na ƙoshi.” Ya ce, “Yau ba ranar ƙoshi ba ce.” Ya ƙara. Ta ce, “Maigida, tsoronka kake ɗura mini.” Ya ƙara na uku, ya danna da sanda, ta yi shiru. Ya shiga cikin kacala, doguwar ciyawar fadama, ya laɓe. Can sai ciyawa ta fara motsi, wani abu baƙi na tahowa a hankali. Ya ɗaga bindiga, ya sa yatsa a kunama...

Sai ƙofar gidanmu ta yi ƙara.

Ba ƙwanƙwasawa ba ce. Wani ne ya jingina da ita yana turawa da jikinsa. Ba sallama. Innarmu ta fizgo ƙanena ta rufe masa baki. Baffa ya miƙe: “Wane ne?” Sai wani gurnani mara kalma. “Na ce wane ne!” Sakatar ta tsufa, ta ɓalle. Mutum ya faɗo cikin soro, ba riga, ba hula, fuskarsa a kumbure, hannunsa ɗaya a gaba kamar yana riƙe da wani abu.

Baffa ya nuna shi ya ja kunama. Ina kusa da shi, na ga yatsan ya lanƙwashe har ƙarshe. Ba abin da ya fita. Ya fizgi bayan bindigar, ta ƙi motsi. Harsashi ya karkace a bakinta, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Yana cikin bugunta da hannu Iya ta ƙwalla ihu.

“Haruna! Sale, Haruna ne!”

Baba ne. 'Yan fashin sun ƙwace motar, sun tuɓe shi, sun fasa masa baki da gindin bindiga har ba ya iya haɗa sallama. Wani mai babur ya tsinto shi ya sauke shi a bakin layi. Baffa ya dubi abin da ke hannunsa, ya durƙushe a ƙasa, ya yi ta kwara amai a gefen wuta.

Washegari, Iya tana gasa wa Baba fuska da ruwan zafi, na matsa na tambaye ta yadda maharbin ya ƙare.

“Yadda uwata ta ba ni, bindigar fashewa ta yi, ta tafi da yatsunsa,” ta ce. “Amma daga jiya na canza. Ƙwarewa ta yi, ta ƙi tashi. Abin da ke cikin kacala wansa ne.” Ta matse tsumma. “A gidan nan jiya bindigar Sale kaɗai ta yi hankali.”

Ba ta sake faɗin sunan Baba ba har ta rasu.

Na girma na gaji sana'ar kifin, na fara da kwando ɗaya, yau motoci nake lodawa daga Nguru. Da daɗewa na ɗauka darasin Iya na awo ne, kuma ya yi mini amfani: in mota ta zauna a kan tayoyinta nakan ce wa 'yan dako ta ƙoshi, ko da kwando biyu suka rage a ƙasa. Sai da na fara bin hanya da kaina, direbana ya ce, “Hajiya, a nemi 'yar ƙarama a ajiye ƙarƙashin kujera, na san mai gyara ta, ba ta taɓa maƙalewa,” sannan na gane sauran. Na ce masa wadda ba ta maƙalewa ita nake tsoro. Na ga yadda tsoro ke cika hannun mutumin kirki, kuma ba kullum ƙarfe zai yi masa gardama ba.

In na yi lissafin wannan daren, ga yadda yake fitowa. Mota ta tafi, gero da gishiri sun tafi, haƙoran Baba na gaba sun tafi. Bindigar ma Baffa ya kai ta kogi da kansa, da harsashin a maƙale a wuyanta. Abin da ya rage mana shi ne Baba, wanda ya rayu har ya ɗaura mini aure. Na yi ciniki iri-iri tun daga nan, ban taɓa cin riba kamar wadda kayan banzan nan ya ci mana ba.