Na Kori Kuɗin Cizo, Na Haɗa Da Kakata

Malam Edita, bara waccan duk Kurmin Kogi babu yaron da ya kai ni ƙiriniya, ƙiwata kuma ta fi ƙiriniyar. Mu biyu ne a gida, ni da kakata, tunda iyayena sun rasu. Aikina kowace Juma'a shi ne in shanya tabarmi a rana, in zuba tafasasshen ruwa a tsagar gado, in bi bango da toka saboda kuɗin cizo. Na tsani aikin nan. Kuɗin cizon namu kuwa wani ya kai ɗan tsako, in ka ture shi sai ya harare ka.

Rannan malamin gona na En'e, wato hukumar gargajiya, ya zo da wani farin gari na Turawa, maganin tsutsar auduga. Ashe ya ja kunnen manya cewa na gona ne kaɗai, ni ina can baya ina kwaikwayon tafiyarsa yara na dariya. Na faki ido na cika ƙoƙo. Da Kaka ta tafi gidan suna na barbaɗe gadonta, matashi, bango, har gindin tulu, na toshe 'yar tagar da tsumma kada maganin ya tsere. Ta dawo ta tambayi warin me take ji, na ce mata ƙamshin zamani ne. Ta ce in haka mijin nata yake, wato ni, don haka take tsokanata, gobe za ta je gaban alƙali a raba auren. Muka yi dariya.

Ƙwarin dai sun mutu, har jikokinsu. Kaji ma suka bi su lahira. Sai Kaka ta fara ciwon kai da amai, ga tari, hannunta na rawa har ba ta iya riƙe ludayi. Ni a zaure nake kwana, shi ya sa na tsira. Tana ta cewa iska ce ta buge ta, ni kuma tsoron bulala ya rufe mini baki. Sai da na ga ta kasa tashi alwala na fashe da kuka na faɗa. Ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi in buɗe mata taga. Gwaggona ta zo daga Hunkuyi ta ɗauke ta a kan jaki. Aka ƙone tabarmin, aka fasa tulun, aka kankare daɓen.

Aka bar ni tsaron gida da gona. Matar kawuna kan aiko da tuwo, in ci ni kaɗai, babu mai tsokanata, babu wanda zan tsokana. Wani lokaci nakan yi sallama a ƙofar ɗakin don dai in ji muryar mutum.

Abin da na koya, abin da ke kashe ƙwaro nan take bai san tsohuwa ba. 'Yan'uwana samari, kada ku kai maganin gona inda mutum ke kwana ko shan ruwa. Rana da toka da ruwan zafi wahala ce, amma ba su taɓa kwantar da kowa ba.

Kaka ta tashi, sai dai tarin bai sake ta ba. Gwaggo ta ce ba za ta dawo da ita ba, kuma har yau ba ta dawo ba.