Hasbiyar da Ban Yanka Ba

A cikin ƙwaryar nono aka kawo mana ita. Akwai wata Bafulatana da ke sauko mana da nono daga rugar gindin dutse, ta sha jin ina kukan ɓeraye sun gama mini da rumbu. Ran nan sai ta sauke kayanta a tsakar gida, ta ɗaga faifai, ga 'yar kyanwa a kwance, ba ta fi tafin hannuna ba, fara, da baƙi a kunne ɗaya.

"Ga dogari na kawo miki, Inna," in ji ta. "Amma ki sani 'yar daji ce. Uwarta ba ta san tuwo ba."

Na ce, "A gidan nan za ta sani."

Ba ta sani ba har muka rabu.

Ƙauyenmu yana can bayan Doguwa, inda hanyar mota take ƙarewa duwatsu su karɓa. Daga katangar gidanmu sai gona, daga gona sai rafi, daga rafi sai wasu gonakin, sai daji. Kafin rani ya fita kyanwar nan ta share ɓerayen rumbunmu, ta share na maƙwabta, sannan ta hau katanga ta dubi waje. Daga nan fa aka fara. Yau ƙadangare, gobe ɗan kurege, jibi tsuntsu. Har ɗan zomo ta taɓa jawowa, ya kusa kai girmanta, tana ja tana hutawa. Kuma duk abin da ta kamo ba ta ci a waje, ba ta kawo mini. Sai ta ratsa tsakar gida, ta wuce ni a bakin murhu kamar ba ta taɓa ganina ba, ta je ta ajiye a ƙofar ɗakin Malam, maigidana, ta zauna tana lasar jiki.

Ni ke ba ta nono. Ni ke share gashin tsuntsu da jini. Amma farauta ta Malam ce.

"Sarkin baka ta dawo," haka yake cewa. "Sannu da daji, ranki ya daɗe. Yau me aka samo wa talakawa?"

"Ci gaba da zuga ta," nake ce masa. "Sai ta ƙarar da tsuntsayen tsamiya hankalinku zai kwanta, kai da ita."

Don akwai tsamiya a bayan gidanmu, tun da aka kawo ni gidan na same ta cike da kurciya da hasbiya. Da kukansu nake daka, da kukansu nake sanin hantsi ya yi. Ina ji suna raguwa, yadda tsoho yake jin haƙoransa suna raguwa, ɗaya bayan ɗaya, ba a rana guda ba. Raina bai so ba. Amma kyanwa ce, wa zai ɗaga mata hannu ya kwana lafiya?

Ana nan, ana nan, sai ciwon ciki ya kama Malam. Da bazara ya soma. Aka ɗora shi a babur, babban ɗanmu yana riƙe da shi ta baya, aka kai shi asibiti, aka dawo da magani, ya sha. Aka yi na gida, ya sha. Mutumin da yake tashi da malmala uku ya leƙa tukunya, ya koma in ya ga tuwo sai ya juya fuska bango. Kunu, ludayi ɗaya. Aka yanka kaza, ƙamshin kawai ya ji ya yi amai. Na dama fura da nono mai kyau, ya kurɓa don kada in ji kunya. Ina kallo wuyan rigarsa yana ƙara yi masa faɗi.

Wata safiya yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana shan hantsi, sai ga sarkin baka da kurciya a baki. Fiffike ya karye, amma tana shure-shure. Malam ya sa hannu ya karɓe ta, ya jujjuya ta.

"Liman ya ce in da rai a jikinta, kuma ba a farke mata ciki ba, in aka yanka ta halatta. Miƙo mini wuƙa."

Ya fuskanci alƙibla, ya yi bisimilla, ya yanka. Na fige, na babbake, na sa a ƙaramar tukunya da daddawa da gishiri da ɗan barkono. Romon bai cika kwanon sha ba. Ya shanye. Ya tsotse ƙashi ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Babu sauran?" Na zagaya bayan rumbu na yi kukana na share.

Daga ranar na daina jin tausayin tsuntsayen tsamiya. Allah ya yafe mini, ni da nake zaginta, ni na koma ina yi mata addu'ar sa'a. Har nonon safe na daina ba ta, don yunwa ta fitar da ita da wuri. Sai in ɗauki tsintar wake in zauna inda zan ga katanga, tana dirowa in tare ta, don in na bari ta yi wasa da abin sai ya mutu. Yawanci ma a mace take kawowa, mushe, sai dai in bar mata. Wani lokaci a yi kwana biyar ba a samu mai rai ba. Ɗanmu ya sayo tattabaru a kasuwa, Malam ya sansana ya ce, "Wannan ɗan gida ne, ƙarni gare shi." Na daji yake so, na daji cikinsa yake karɓa. Haka kyanwa ta riƙe mini mutum damina guda.

To, sai masara ta nuna. In masara ta nuna a wajenmu birai suke saukowa daga dutse, kuma ba sa zuwa da wasa. Duk namijin da ke garin, babba da yaro, da asuba yake haye rafi ya tafi tsaro, sai la'asar. A lokacin Malam ya daina fitowa ƙofa. Kwana uku ke nan babu abin da ya shiga cikinsa sai ruwa.

Da hantsi kyanwar ta diro da abu a baki. Hasbiya ce, ƙatuwa, irin wadda ban taɓa ganin ta kamo ba. A fiffike ta riƙe ta, ko jini babu. Na karɓe, na ɗauko wuƙa, na shiga ɗaki da gudu kamar yarinya.

"Malam, tashi ka gani! Yau sarkin baka ta tuna da kai."

Ya buɗe ido, ya ga tsuntsuwar, har ya yi murmushi. Na tallafe shi na jingina shi da bango, na sa masa wuƙa a hannu. Ta zame ta faɗi a tabarma. Na sake sa masa. Yatsun suka ƙi rufuwa. Ya daɗe yana kallon hannun nan nasa kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

Sai ya ce, "Ke yanka."

"Malam!"

"Ki yanka mana. Ki yi bisimilla ki ja."

"Ni? Mace? A'uzubillahi. Zafin ciwo ne yake sa ka magana. So kake in ba ka mushe da hannuna?"

"Allah yana gani," in ji shi, da ƙyar.

Na ce, "Ai shi ya sa."

Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane ba. Ni na ga uwata ta ɗaure kaza a turmi tun safe har yamma, ga baƙi a zaune da yunwa, tana jiran namiji ya shigo. Kakata haka. Mace tana figa, tana gyarawa, tana dafawa, amma ba ta ɗora wuƙa a wuyan mai rai. Ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini. Yadda na san wuta tana ƙuna, haka na san wannan. Malam kuma, ko da ake ce masa Malam, manomi ne, karatunsa bai yi nisa ba. Na ce a raina mutum yana bakin tafiya, ba zan sa ya je gaban Ubangijinsa da haram a ciki ba.

Na kwantar da shi, na naɗe hasbiya a bakin mayafi, na fita.

Gidan farko mata ne da jarirai. Na biyu haka. Na nufi masallaci, ko takalmi ɗaya babu a ƙofa; ashe an yi rasuwa a ƙauyen gaba, Liman ya tafi da tsofaffin da suka rage. Maƙwabciyarmu tana tankaɗe ta hango ni ina haki.

"Yaya, lafiya?"

"Namiji nake nema, yanka za a yi wa Malam."

"Yau a garin nan in kin ga namiji, to zakara ne," ta ce. Sai ta ga fuskata, ta daina dariya. "Ki bi rafi, Yaya. Ki yi sauri."

Na bi rafi. Ina tafe ina jin zuciyar tsuntsuwar tana bugawa a tafin hannuna, da sauri da sauri, ina ce mata ki yi haƙuri, ki jira, kaɗan ya rage. Kun taɓa jin wanda yake roƙon abu ya rayu don a yanka shi? Ni na yi.

An yi ruwa a kan dutse, rafi ya kawo, jajawur, ba na mace mai shekaruna ba ne. Na tsaya a gaɓa ina ƙwala kira. Can ana ta buga gwangwani ana korar birai, wa zai ji ni? Na yi kira har muryata ta dushe, sannan wani ya hango ni ya kira ɗana. Ya taho da gudu, ya faɗa ruwa, ruwa har ƙirji, yana riƙe da wuƙarsa a sama. Kafin ya taka gaɓa na ji hannuna ya yi shiru.

Ya buɗe mayafin, kan ya langaɓe. Ya girgiza ta, ya hura mata iska.

"Inna, ta tafi." Sai ya ɗago ya dube ni. "Wa kika bari wurin Baba?"

Na ce, "Ba kowa."

Muka same shi yadda na bar shi, idonsa a ƙofa, rana ta kusa tsaka.

"An yanka?"

"Ta mutu a hanya, Malam."

Ya kau da idonsa daga ƙofa. Sannan ya ce, "Ba rabona ba ce. Ba wa mai ita." Ko a fuska bai nuna mini komai ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Na fita na ajiye wa kyanwa, ta ja ta bayan rumbu ta cinye.

Da yamma ɗana ya yanka tattabara, Malam ya jiƙa leɓe ya kau da kai. Washegari tun da gari ya waye nake gaban katanga. Ta dawo da ƙadangare. Bayan azahar Allah ya karɓi abinsa.

Na san kwana ne ya ƙare. Romon hasbiya ba ya mai da wanda aka kira, na sani. Amma da yunwa ya tafi, kuma abu na ƙarshe da ya roƙe ni a duniya na ce masa a'a. Ina cikin takaba, wajen kwana bakwai, ina alwala, sai ya faɗo mini: ai ko hannunsa da na kama na ɗora a kan wuƙar na ja da nawa. A ranar bai zo mini ba. Na zauna a wurin har ruwan ya bushe a jikina.

Kyanwar kuwa ba ta daina ba. Ɗaki a rufe, tana kawowa tana ajiyewa a ƙofa, tana zama tana jiran a yi mata sannu. Yanzu ga maza a gida, ga wuƙa, babu mai so. Masu rai nakan karɓe in sake su, wasu su tashi, wasu ba sa iyawa. Haka har tsamiya ta yi tsit. Da tsufa ya kama ta, wata rana ta hau katanga da ƙyar, ba ta dawo ba.

Shekaru suka wuce, aka buɗe Islamiyyar mata a garinmu. Na shiga da furfurata don in gyara sallata. Malamarmu sa'ar jikata ce, daga Tudun Wada aka auro ta. Ana gab da babbar salla tana yi mana bayanin yanka, sai na ji ta ce yankan mace ya halatta kamar na namiji, in ta iya, ta ambaci sunan Allah. Ta faɗa ta wuce, kamar mai faɗin gobe kasuwa.

Na ce, "Malama, koma baya."

Ta maimaita.

"Ko tsuntsu?"

"Ko rago, Iya."

"Ko tun da can haka yake, ko yanzu aka sauya?"

Mata suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. "Tun da can haka yake, Iya. Al'ada ce kawai."

"To me ya sa ba a gaya mana ba?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Wataƙila ba wanda ya tambaya."

Ban jira an tashi ba. Na koma gida, na watsa tsaba, na kama kaza. Matan 'ya'yana suka fito suna salati, ɗaya tana cewa Inna ta zautu. Na dubi alƙibla, na taka fiffike da ƙafafu yadda na ga ana yi shekara da shekaru, na yi bisimilla. Na ja. Bai kai tsawon numfashi ɗaya ba. Abin da na tsallake gari na je rafi dominsa, bai kai numfashi ɗaya ba.

Da ɗana ya dawo daga gona aka kai masa tuwo, ya ga nama a miya.

"Wa ya shigo ya yi muku yanka?"

Na ce, "Ni."

Ya dube ni, na dube shi. Shi ne ya haye rafi ran nan, ba sai na yi masa bayani ba. Ya jawo ruwa ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ci.

Ni ce ban iya ci ba.