Kwamandan Da Ya Ƙi Riƙe Jaririn Kowa

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, rediyo ya faɗi rasuwar Admiral Zisis Karnezis, tsohon babban kwamandan dakarun tsaron gaɓar tekunmu, tsakanin farashin man zaitun da sakamakon ƙwallo. Ban yi mamaki ba. Na daɗe ina haɗiye takaicin abin da aka yi maka, Zisis. Yau zan amayar.

Tare muka yi makarantar sojan ruwa, ni ne ma gaba da kai a aji. Tare aka tura mu tsibiri, zamanin da masunta ke kamun kifi da nakiya: a jefa, ruwa ya yi sama, kifi ya taso matacce har ƙanana. Wata safiya muka ritsa kwalekwalen wani mai suna Nondas. Bai gudu ba. Ya kunna nakiya da wutar sigarinsa, ya wurgo cikin jirginmu. Na cafe zan mayar ruwa, ta fashe. Na ga yatsuna a kan katako, na ga jinina a fuskarka. Ka ɗaure dungulmin da bel ɗinka, kana falla mini mari kada in suma, kana cewa, "Buɗe ido, ɗan banza! In ka mutu wa zai ba ni satar amsa?"

Nondas bai ga ƙofar kurkuku ba, domin wani minista ne uban baftismar ɗansa. Wanda ya riƙe maka jariri a coci ya wuce ɗan'uwa, ba zai bari a taɓa ka ba. Ran nan ka rantse ba za ka riƙe ɗan kowa ba.

Da ka zama babban kwamanda, masu jirage da 'yan fasa-ƙwauri suka riƙa yi maka sallama ɗauke da jarirai, suna so ka riƙe musu a coci. "Ranka ya daɗe, suna kawai za ka sa masa." Ka ce, "Kai wa minista, hannunsa ya saba." Har 'yata ka ƙi. Ka ce, "Sotiris, in na karɓi taka, da wane baki zan ƙi ta ɓarawo?" Na zage ka tas, kuma har gobe ban ce ka kyauta ba. Amma a zamaninka nakiya ta yi shiru, kifi ya dawo.

Sai ɗan Nondas, wancan jaririn da minista ya riƙe, ya girma ya harbe wani matuƙin jirginka a maƙogwaro. Ka je da kanka ka sa wa yaron ankwa. Manya suka kira ka daga sama ka sake shi, ka kife wayar. Ba a jima ba wasu suka tare ka a kasuwar kifi, suka karya maka muƙamuƙi da ƙarfen anka, wanda ake tsayar da jirgi da shi. Kana gadon asibiti, baki ɗaure da waya, aka sanar ka yi murabus don rashin lafiya. Aka saki yaron.

Wajen jana'izarka, furen Nondas ya fi na kowa girma.

Allah Ya jiƙanka, Zisis, Ya sa ka huta. Ya ba uwargidanka Fotini haƙuri, ita da ba ku haihu ba, ba kuma ɗan baftisma ko ɗaya da zai kunna maka kyandir a coci.

Nakiya ta dawo tsibiri. Hannuna na dama yana cikin teku, wanda ya ɗaure sauran yana cikin ƙasa.