Ranar da Na Sa Uwa Ta Faɗi Sunan Ɗan Farinta

A shekarun farko bayan samun ƴancin kai, ni saurayi ne sabon fitowa daga makarantar aikin jinya a Yamai. Aka turo ni wani ƙaramin asibitin ƙauye tsakanin Tasawa da Mayahi, ɗaki biyu da rumfar zana a gaba. Mutane na kira na likita, ni kuwa ban taɓa gyara musu na ce ma'aikacin jinya ne kawai ba. Ina da farar riga, da agogo, da keke, da Faransanci a baka wanda nake yayyafa wa mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya. Gani nake ƙasa ta samu kanta, saura a wanke kawunan mutanenta, kuma ni aka ɗora wa wankin. Na rubuto wa mujallarku ne don akwai abin da na aikata a wancan ƙauye wanda har yau ban faɗa wa kowa ba, ga shi tsufa ya zo, ba na so in tafi da shi a ciki.

Sai na fara gaya muku cewa ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ana yaye shi kuma sai ya koma ɗakin kaka. Haka aka yi da ni. Ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba, in za ta yi zancena sai ta ce wancan yaron. Ko ranar da na dawo gida da farar rigata, unguwa duk ta fito taryata, ita ba ta ɗaga ido daga kan turmi ba. Abin ya zauna mini a zuciya, karatun da na yi kuma ya ba ni sunan da zan kira shi, na ce jahilci ne. Da na samu asibiti a hannuna sai na kafa doka: duk matar da ta kawo yaro, da bakinta za ta faɗi sunansa kafin in rubuta shi a kaye, wato littafin rajista, in ba da magani. Akwai wani dattijo mai gadin asibitin, wanda ya girmi mahaifina. Ya same ni a gefe ya ce in yi hankali, kunya ba ƙiyayya ba ce, kuma magani bai san suna ba. Na ce masa aikinsa shara da ɗibar ruwa, ya bar mini nawa.

Da farko dokar ba ta yi ɓarna ba, don yawanci kakanni ne ke kawo ƴan fari. Sai kakar gyaɗa ta zo tare da ƙyanda. Kowa na gona, ana cira ana ɓara, ƴan awo sun kafa sikelinsu a filin da ke gaban asibitin, kamiyo, wato manyan motocin kaya, na zuwa ɗaukar buhuna. Wata ranar kasuwa da hantsi, layi ya kai har wajen rumfa, wata matashiya ta iso gabana da goyo. Daga wani ƙauyen gona take, tafiyar wajen awa uku cikin rairayi. Uwar mijinta ce ke riƙon yaron, amma kurkunu ya kwantar da ita, dole uwar ta ɗauko shi da kanta. Ta kwance shi ta ajiye a kan tebur tana kallon bango. Yaron zai yi shekara biyu. Ƙyandar ta fara komawa, amma ƙirjinsa na sama da ƙasa da sauri, idanunsa sun yi jawur sun manne da kwantsa. Kallo ɗaya na san abin da yake bukata: allura saboda ƙirjin, da man ido. Duka biyun suna cikin kabad a bayana, in na miƙa hannu zan taɓa su.

Na ɗauki alƙalami na tambaye ta sunansa. Ta sunkuyar da kai, ta ce yaron mutanen gida ne ba shi jin daɗi. Na sake tambaya. Wata tsohuwa da ke bayanta, gwaggon mijinta, ta matso ta faɗi sunan sarai, har sau biyu. Ku riƙe wannan, don nan ne laifina yake: na ji sunan, alƙalami na hannuna, ba abin da ya rage sai in rubuta. Amma na ce wa tsohuwar ba ita na tambaya ba. Na ce wa uwar ashe akwai macen da za ta ɗauki ciki wata tara ta manta sunan abin da ta haifa. Matan da ke layi duk suka juyo gare ta. Ta kalli tsohuwar, ta kalli ƙasa. Sai na ce ta ɗauke shi ta koma gefen rumfa, in ta tuna sunan ta dawo. Mai gadi ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa, na yi kamar ban ji ba.

Ta zauna a nan har azahar. Ta taga ina hangen ta. Duk sanda ta ga hankalin mutane ya kau, sai ta jiƙa gefen mayafinta ta goge masa ido a hankali, ta kara kumatunta a goshinsa, da an waiwayo kuma ta janye ta ɗaure fuska. Na ga wannan da idona, don haka ba zan fake da rashin sani ba. Niyyata in gama da kowa, in ci abinci, sannan in kira ta, ta dai ji a jikinta tukuna. Da na fito daga cin abincin, rumfa ba kowa. Mai gadi ya ce tsohuwar ta ce su kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba, tunda likita ya ƙi su. Ya roƙe ni in ba shi man idon ko shi kaɗai ne, ya bi su da ƙafa. Na ce in na lanƙwasa doka sau ɗaya ta karye ke nan, gobe za su dawo da kansu.

Ba su dawo gobe ba. Jibi ma shiru. Duk macen da na hango daga nesa da goyo sai in miƙe tsaye, in ta iso in ga ba ita ba ce. Na sa allurar da man idon a jakata, na jingina keke a bakin ƙofa, na ce da na rage layi zan tafi. Layi ya ragu ban tafi ba. Ina tunanin yadda zan shiga gidansu da farar riga ina sallama, gari ya ɗauka cewa ƴar ƙauye ta kayar da likita. Mai gadi ya daina yi mini magana sai gaisuwa. Kwana uku jakar na rataye a kan keke.

A rana ta huɗu da hantsi, filin awo ya cika da maza, har da mijinta da uban mijinta da suka kawo gyaɗarsu tun da sassafe. Sai na ji hayaniya ta yanke. Na leƙo, na gan ta tafe da gudu, ba mayafi, ba takalmi, ƙafafunta sun yi fari fat da ƙura, yaron na rungume a ƙirjinta maimakon baya. Ba ta shigo rumfa ba. Ta tsaya a tsakiyar filin nan, gaban maza, ta ɗaga murya ta kira sunan yaron sau uku. Wani dattijo da ke tsaye kusa da sikeli ya waiwayo kamar an kira shi, sannan ya juya ya rufe fuska da rawaninsa. Sai a lokacin na gane: sunan uban mijinta aka sa wa yaron. Kunya biyu na sa ta keta, ta ɗan fari da ta suruki, a gaban surukin kansa. Da na fito, ta miƙo mini yaron ta ce, "Ka ji shi, likita? Ga sunan nan na hwaɗi. To, ba shi magani."

Nan take na yi masa allurar. Da na buɗe fatar idonsa sai na ga baƙin ya koma fari kamar nono. Na san abin ya fi ƙarfina, sai Tasawa. Akwai kamiyo guda a filin, direban ya ce lodinsa bai cika ba, ba zai motsa ba sai la'asar. Ni da ban taɓa rusuna wa kowa a garin nan ba, na durƙusa a gabansa cikin ɓawon gyaɗa ina roƙo. Maza suka sa baki, ya tayar da mota. Muka hau kan buhuna, ni da ita da mijin. Sau biyu mota na kafewa a rairayi, muna sauka muna turawa, ina hawa in ɗora kunne a ƙirjin yaron in ji ko yana nan. Duk tsawon hanyar ba ta dube ni ba, ba ta kuma dubi yaron ba tunda mijinta na wurin, amma tafin hannunta na kan kansa tana kare masa rana.

A Tasawa babban likita, Bature ne, ya duba ya ce ƙirjin zai warke, idanun kuwa sun tafi, da an kawo shi kwana uku ko huɗu da suka wuce da an cece su. Ya girgiza kai ya ce mutanen nan kullum haka suke, sai abu ya lalace suke zuwa. Ya ce in fassara wa uwar, in gaya mata sakacinta ne. Nan ne ya kamata in buɗe baki in ce ta zo a kan lokaci, ni na kore ta. Ban faɗa ba. Na gyaɗa masa kai, na juya na ce mata likita ya ce a yi haƙuri, Allah ya ƙaddara. Ta ce ta gode. Bayan sati biyu surukin nata ya zo asibitina da zakara da ƙwaryar gyaɗa, yana sa mini albarka don na ceci ran takwaransa. Na karɓa, domin ban san yadda zan ƙi ba tare da na faɗi gaskiya ba.

Na soke dokar ba tare da sanarwa ba. Da na je gida hutu na ba ƙanwar mahaifiyata labarin dokar kawai, ban kai ga sauran ba. Ta dube ni ta ce ashe karatu ba hankali ba ne. Ta ce ranar da aka tafi da ni lakwal, wato makarantar boko, ina ɗan shekara bakwai, mahaifiyata ta ɗauki tulu kamar za ta rijiya, ta bi bayanmu daga nesa har muka ɓace mata, ta dawo da tulun ba ruwa, kwana uku ba ta sa komai a baki ba. Na shiga na tarar da mahaifiyata tana tankaɗe. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon rariya kamar kullum, a ranar kuwa ban ji haushi ba.

Yanzu na daɗe da ajiye aiki. Yaron nan ya girma har ya yi furfura, yana tufka igiya a kasuwa, yana da mata da ƴaƴa. Ya san ni a matsayin likitan da ya ceci ransa, duk ranar kasuwa sai ya riƙe hannuna ya yi mini addu'a. Bayan rasuwar mahaifiyarsa na je masa gaisuwa. Ya ce an sha ba shi labari cewa sau ɗaya tak ta taɓa kiran sunansa a duniya, shi kuma ya yi ƙanƙanta bai tuna ba, waɗanda suka ji duk sun mutu sai ni. Ya roƙe ni in gaya masa yadda muryarta take a lokacin. Na ce da ƙarfi ta kira shi, har sau uku, duk filin ya ji. Ya yi murmushi ya ce Alhamdulillahi. Bai tambaye ni abin da ya sa ta kira ba, ni kuma ban faɗa masa ba.

Ku ƴaƴanmu da ke sanye da farar riga yau, da ku malaman lakwal, ban ce kowace al'ada daidai take ba, na ga waɗanda suka cutar da mutane kuma na yaƙe su. Amma kafin ka kira abu jahilci, tambayi tsohon da ke share maka tsakar gida me yake nufi. Kada ka sa mai neman magani ko ilimi ya sayar da mutuncinsa kafin ka ba shi, kuma in kana da naka ciwon tun daga gida, kada ka rama a kan wanda ya zo gabanka a rusune. Da na sani ƙeya ce. Na rubuta dubban sunaye a kaye na manta da su, wannan guda ɗaya da na ƙi rubutawa shi ne ke tare da ni. Ban sa shi a takardar nan ba, kuma ba don dokar mujallarku ta ɓoye sunaye kaɗai ba. Tun ranar nan bakina bai iya faɗinsa ba, ko a kasuwa sai dai in ce masa mai igiya.