Abin da Aka Cire Daga Kwamfutar Malama

Shekara ashirin da takwas ya yi a ɗakin awo na wani kamfanin siminti, ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon dandamalin ƙarfen da manyan motoci ke hawa a auna su. Mota ta hau babu kaya, ya rubuta. Ta dawo da kaya, ya rubuta, ya cire wancan daga wannan, ya miƙa wa direba takarda ta taga. Direbobin ne suka sa masa suna Sikeli, sunan ya bi shi har gida. Ba mafaɗaci ba ne, ba kuma mai yawan raha ba. Abin da aka san shi da shi kawai, ba ya yarda da magana sai ya ga lamba. Direba zai yi ta rantsuwa har muryarsa ta dishe, shi kuwa idonsa na kan allurar.

Matarsa malamar firamare ce, aji huɗu ta riƙe kusan duk rayuwarta, kowa Malama yake ce mata, har shi. 'Ya'yansu uku. Maza biyun aiki ya kai su nesa, sai Auta, wadda ke aiki a sashen kwamfuta na wata kwaleji a ɗaya gefen gari, tana zaune can da mijinta.

Kwamfutar gidan ta Malama ce. Tana kan tebur a kusurwar falo, tsakanin firji da taga, a lulluɓe da wani tsohon labule. A kanta take buga tambayoyin jarrabawa da yatsu biyu, gilashi a kan hanci, tana karanta kowace tambaya a fili kamar yaran na gabanta. Sikeli ba ya taɓa ta sai in zai kakkaɓe ƙura. Cewa yake yi duk na'urar da ba ta da allura bai ga ta inda za a gane tana ƙarya ba.

Shekara ɗaya da yin ritayarsa Malama ta fara ramewa. Shi ya fara gani. Ya dube ta tana shanya ya ce ta zubar da kilo huɗu. A asibiti aka auna aka samu huɗu da rabi, ta juyo ta ce masa ashe sikelin ya fara tsufa. Bayan gwaje-gwaje likita ya zaunar da su ya ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya riga ya yi nisa. Ya rubuta sunan ciwon a takarda. Sikeli ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba.

A makon ne ya yaye labulen da kansa. Malama na kwance a doguwar kujera tana gaya masa inda zai danna, tana yi masa dariya saboda yadda ya riƙe linzamin kwamfutar kamar zai tsere. Ya kwafi sunan ciwon harafi bayan harafi. Daga nan kullum da hantsi, in ta sha magani barci ya ɗauke ta, sai ya ja kujera. Wani shafin intanet ya ce danna nan ka ga abin da likitoci ke ɓoyewa, ya danna. Wani ya ce sai ka sauke wannan kafin ka karanta, ya sauke. Wani ya tambaye shi ko ya yarda, ya ce ya yarda. Bai taɓa sayen ko ɗaya daga cikin magungunan da suke talla ba, don babu wanda ya nuna masa lambar da ta gamsar da shi, amma babu wanda ya wuce bai buɗe ba. Abin da ya ga kamar da ƙamshin gaskiya yakan kwafa a littafi ya kai wa likita. Likitan yakan karanta har ƙarshe, ya mayar masa, ya ce su ci gaba da abin da suke yi.

Wata goma sha ɗaya aka yi a haka. Ta rasu wata Laraba da rana, a asibiti, yana waje yana wanke kofinta.

Mutane sun yi ta yaba dauriyarsa. Shi dai ya san ba dauriya ba ce, don babu abin da yake dannewa. Yana jin gaisuwa, yana amsawa. In aka ajiye abinci ya ci, in ba a ajiye ba bai tuna. Da gidan ya watse, 'ya'yan suka koma, sai ya tarar da hantsi na yi ƙafafunsa na kai shi kusurwar nan. Zuwa lokacin kwamfutar ta zama abin da ta zama. In ya danna maɓalli, fankar ciki ta ɗauki gurnani, allon ya yi baƙi, ya yi shuɗi, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa. Minti goma sha tara take yi kafin ta tashi, ya duba da agogo. Sannan tagogi su fara buɗe kansu a kan allon: tsofaffi masu fararen haƙora suna riƙe da kwalabe, wani jan rubutu na cewa kwamfutarka na cikin haɗari. Ya rufe su ɗaya bayan ɗaya, wasu su sake buɗewa, ya sake rufewa. In sun ƙare ya kashe ta ya mayar da labulen. Ba ya neman komai a ciki.

Wata huɗu da rasuwar, saƙo ya fita daga imel ɗin Malama zuwa ga duk wanda ta taɓa rubuta wa. Da sunanta, da ɗan hotonta na gefe. Saƙon ya ce ta samu maganin da ya warkar da ita sarai, a danna nan a gani. Ƙanwar Malama ta buga wa Auta waya tana kuka har ba a jin abin da take faɗa. Hedimastan makarantar Malama ya kira yana ta kame-kame. Ita Auta nata ya same ta a ofis, tana tsakiyar haɗa wa wani malami firinta. Ta karanta, ta gama haɗa firintar, sannan ta shiga banɗaki ta daɗe.

Ranar Asabar da safe ta zo da filashi biyu a jaka, 'yan na'urorin nan da ake kwafar bayanan kwamfuta a ciki. Ta gaishe shi, ta tambayi ƙafarsa, ta gaya masa abin da ya faru a taƙaice. Ya saurara. Ya ce shi bai aika komai ba. Ta ce ta sani.

Abu na farko, ta zare wayar intanet daga bayan kwamfutar. Ta kunna, suka zauna suna jira. Ta dubi agogon bango sau biyu.

"Baba, kullum haka take yi?"

"Goma sha tara. Jiya ashirin."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya ce ai tana tashi.

Ta kwashe hotuna da takardun Malama ta zuba a filashi ɗaya. Sannan ta kashe kwamfutar ta sake tayar da ita ta wata hanya da ba ta barin komai ya motsa sai abin da ya zama dole. Ta buɗe jerin abubuwan da ke tashi tare da ita. Ta bayyana masa cewa kamar ƙofa ce guda, da ana buɗewa mutum sittin su taso lokaci ɗaya kowa na son shiga, shi ya sa ba mai wucewa. Wasu talla kawai suke kawowa. Wasu kuwa zama suke yi shiru suna kallon abin da mutum ke yi, suna aikawa waje. Ya gyaɗa kai. Ya tambaye ta ko za ta sha shayi, ta ce a'a, ya je ya dafa ya kawo mata.

Daga ɗaya filashin ta sa manhajar da ke farautar irin waɗannan abubuwa, ta bar ta tana bincike. Kafin ta gama, Auta ta buɗe jerin duk abin da aka taɓa saukewa, ta jera su bisa kwanan wata don ta gane baƙin. Na Malama 'yan kaɗan ne, duk tsofaffi. Daga wani wata kuma sai jerin ya cika, biyu a rana, uku a rana. Ta karanta kwanan watan farko a fili ba tare da ta yi niyya ba.

"Kwana uku bayan sakamakon gwaji," in ji shi.

Ta gangara. Wani mako babu komai.

"Lokacin muna kwance a asibiti."

Ta ƙara gangarawa, inda abubuwa bakwai suka shiga rana ɗaya. Bai jira ta karanta ba, ya ce ranar ce likita ya ce a daina ƙarin ruwan, ba ya wani amfani. Yana faɗa kamar mai karanta lambar mota. Na ƙarshe a jerin ya shiga ana saura kwana biyu ta rasu. Auta ta daina karantawa, ta shiga cirewa. Kowanne sai ya tambaye ta ko ta tabbata. Wani ya roƙe ta ta faɗi dalili. Wani ya ƙi fita sai da ta bi shi har inda ya ɓuya ta goge da hannu.

Binciken ya ɗauki sama da awa biyu, ya fito da abu ɗari biyu da goma sha huɗu. Sikeli ya matso ya dubi lambar da kyau. A cikinsu akwai wanda aikinsa rubuta duk harafin da aka danna, ya tara a wani fayil, ya riƙa turawa. Ta nan aka sami kalmar sirrin Malama. Fayil ɗin na nan bai goge kansa ba, Auta ta buɗe don ta san me da me ya fita.

Yawancinsa rubutun babanta ne. Sunan ciwon, sau ba adadi, da kuskure ɗaya a wuri ɗaya kullum. Daga baya tambayoyi, yadda mutum zai tambayi mutum. Ko mai wannan ciwo yana jin zafi in yana barci. Me ake ba wanda ba ya iya haɗiya. Wata nawa. Ta yi saurin wucewa, shi kuma yana tsaye a bayanta bai ce ta tsaya ba.

Can ƙasa rubutun ya canza. Adireshin imel ɗin Malama, kalmar sirrinta, sannan wasiƙa zuwa ga hedimasta. A ciki Malama ta ce a yi haƙuri da jinkiri. Ta ce akwai yara biyu a layin baya da ba sa ganin allo sosai, kunya ce ta hana su faɗa, a dawo da su gaba. Makullin kabad yana cikin gwangwanin alli. An ga inda ta yi kuskure ta goge ta gyara, har sau uku a kalma ɗaya.

Sikeli ya tambayi kwanan watan. Ta faɗa masa. Saura wata ɗaya ke nan Malama ta rasu, lokacin da ko banɗaki sai ya riƙe ta. Ya yi lissafi.

"Ranar na je karɓo magani," ya ce. "Layi ya yi tsawo."

Ya dubi doguwar kujerar, ya dubi teburin. Taku shida ne ko bakwai. Sannan ya ɗauki kofin shayin da ta bari ya huce ya kai kicin, ta ji yana wankewa.

Da ya dawo ta tambaye shi ko ta ajiye masa fayil ɗin kafin ta share. Ya ce ta yi yadda aikin ya ce. Ta kwafe shi a filashinta ba ta gaya masa ba, sannan ta share. Ta wanke birawuza, manhajar shiga intanet, daga duk abin da ya maƙale mata, ta mayar da wayar intanet, ta sabunta abin da ke buƙatar sabuntawa, ta sa manhajar gadi ta gaske. Daga wayarta ta canza kalmar sirrin mahaifiyarta, ta rubuta wa mutane layi biyu cewa saƙon nan ba daga gida ya fito ba, kada a danna, a yi haƙuri. Ta rasa da sunan wa za ta rufe, ta sa nata.

Ta kashe ta kunna. Kafin ya gyara zama kwamfutar ta tashi. Allon fes, hoton da Malama ta sa na wani tafki, babu abin da ya buɗe kansa. Suka zauna suna kallo.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba. In wani abu ya ce ka danna, kada ka danna. Ka kira ni."

Ya ce to, Allah ya yi albarka.

Ya ci gaba da kunna ta kwana biyu ko uku, daga nan ya bari. Babban ɗansa ya matsa ya koma wurinsa da zama, ya je ya yi mako shida ya dawo, ya ce gidan bene ba ya yi da gwiwarsa. Yanzu da hantsi yakan fito da kujera bakin ƙofa, masu wucewa su gaishe shi ya amsa. Auta na zuwa duk Asabar, wai don ta duba kwamfutar. Takan sa binciken, ya fito babu komai, ta share falo, ta duba abin da ke firji, su ɗan zauna.

Wata Asabar ya raka ta bakin titi. Suna tsaye suna jiran mota, ya tambaye ta ko mutanen da suka aika saƙon nan sun san Malama ta rasu. Ta ce da wuya a ce akwai wanda ya karanta sunan ma, na'ura ce ke turawa, dubbai a lokaci guda. Ya ce to. Wata mota ta taho, ya ɗaga mata hannu, ya leƙa ya ga akwai wuri a baya, ya ce ta gaida mai gidan.